Baffa Da Kawu Ba Ɗaya Ba Ne

Duk malamin da aka tura shi koyarwa cikin 'ya'yan Hausawa, ba zai daɗe ba sai yaro ya zo neman izni, ya ce babansa ya rasu. Bayan wata biyu kuma sai ga wani dattijo ya zo makaranta, yaron nan ya ce babansa ne. Kada malam ya yi saurin cewa an yi masa ƙarya. A wurin Bahaushe wan uba da ƙanen uba duk baba ne, 'ya'yansu kuwa duk 'yan'uwa. Saboda haka na ga ya kamata mu dubi kalmomin nan tun ba mu bar kwaleji ba.

Abin da na ke so mu riƙe shi ne, Hausa ba ta gama dangin uba da dangin uwa. Turanci kalma guda ya ke da ita ga wan uba da wan uwa, amma mu na wajen uba shi ne baffa, na wajen uwa kawu. Haka mata: 'yar'uwar uba gwaggo, 'yar'uwar uwa inna ko iya. Baffa da kawu da gwaggo daga Fulatanci muka aro su, har sun zama namu.

Dubi kalmar ɗan'uwa kanta. In ka raba ta, ɗan uwa ke nan, watau wanda kuka sha nono ɗaya. Ita ce muka shimfiɗa a kan duk wanda mu ke ƙauna, har baƙon da muka gamu da shi a mota. Amma ɗan uba fa? Shi ne wanda kuka tara uba, uwa kowa da tasa, daga nan kuwa aka sami 'yan ubanci, watau kishi da gasa. Ni a ganina babu inda harshen nan ya faɗi gaskiyar gidan mata da yawa kamar a kalmomin nan biyu.

To, ba maganar baka kaɗai ba ce, gama ranar rabon gado alƙali da su ya ke aiki, sai dai da Larabci. Wanda kuka tara uwa da uba shaƙiƙi ne, na uba kaɗai li'abi, na uwa kaɗai li'ummi. In akwai shaƙiƙi namiji, li'abi ba ya samun kome. Li'ummi kuwa, in mamacin bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ko uba ko kaka ba, sudusi ne rabonsa, watau kashi ɗaya cikin shida. Baffa yana iya cin gado, yana iya zama waliyyin yarinya a ɗaurin aure. Kawu kuwa, duk da shi ne yaro kan gudu wurinsa in an yi masa duka a gida, ba ya cikin wannan layi.

'Ya'yansu ma an rarrabe su. Na wa da ƙane su ne 'yan maza zar, na ya da ƙanwa 'yan mata zar. Amma ɗan namiji da ɗan mace taubasai ne, abokan wasa, suna zagin juna ba mai fushi, a watan Cika-ciki kuma a ba da kuɗin shara a tsakaninsu. In malam ya ji yara biyu suna yi wa juna baƙar magana suna dariya, ya bincika tukuna kafin ya ɗauko bulala. Irin wasan nan ne kuma ke tsakanin kaka da jika, har tsohuwa ta kira jikanta mijinta. Ɗan jika shi ne tattaɓa kunne.

Sa'an nan akwai kalmomin da ke duban nesa. Zuriya daga sama ta ke gangarowa, 'ya'ya da jikokin mutum guda. Asali kuwa baya ya ke komawa, inda mutum ya fito, kuma ta wajen uba a kan bi shi. Nasaba da salsala na malamai ne, su ke jera sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya. In zuriya ta yi yawa sai a liƙa mata "awa" a ƙarshe. A Kano an yi Bagaudawa, da Rumfawa, zuriyar Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da Kutumbawa, sa'an nan Sulluɓawa tun daga Ibrahim Dabo a 1819. A Zazzau gida huɗu ne na sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa.

Sunan gida irin na Turawa kuwa ba mu gaje shi ba. Da "ɗan" da "'yar" mu ke haɗa mutum da mahaifinsa, kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da makarantun boko suka zo, rajista ta nemi suna na biyu, sai yara da yawa suka ɗauki sunan garinsu. Haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Shehu Shagari. Don haka yara biyu masu sunan gari ɗaya a rajista ba lalle ne su zama dangi ba.

Abu guda na ke roƙon malamai. In za a koyar da darasin nan, a sa yara su zana danginsu, baffa a hannun dama, kawu a hagu, amma kada a tsai da yaro gaban aji a ce ya faɗi asalinsa. A aji guda akwai agola, watau ɗan da uwarsa ta zo da shi gidan wani miji. Akwai kuma jikokin waɗanda a dā a ke kira cucanawa, 'ya'yan bayi da aka haifa a gidan ubangijinsu. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayanta, ta 1936 kuma ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa, amma har yanzu in an zo neman aure tsofaffi su kan aika a binciko asali.