Lugga Kafin Nahawu: Nasiha Kan Yaro Mai Nauyin Baki

Bismillahi. Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku sani nahawu ba ya tsayuwa sai bisa lugga. Almajirin da bai san ma'anar kalmomi ba, Ajurumiya ba za ta amfane shi ba. Haka harshen yaro yake. Galibi ba ya haɗa kalma biyu sai ya mallaki kalmomi kamar 50, wajen shekara 2. Mai nauyin baki kuwa kalmominsa kaɗan ne, musamman fi'ilai, shi ya sa jimlarsa ke jinkiri. Ba taurin kai ba ne, kada a yi masa bulala. A kai shi asibiti a duba jinsa. In ya ce "ruwa", ka ce "sha ruwa", kana maimaitawa kullum. Allah ya buɗa harsunan 'ya'yanmu, amin. Wassalamu.