Batir, babban makunni da allon raba wuta a jirgin ruwa

Yara, a nan Barmu ba mu da kogi, amma tabkin Tabalak ba shi da nisa da mu. Waɗansunku sun je can sun ga masunta cikin ƙananan jirage suna kamun tarwaɗa da karfasa. Irin waɗannan jirage da ƙarfin hannu ake tuƙa su, ba ruwansu da lantarki. A kogin Kwara kuwa, wajen Gaya da Yamai da Ayoru, akwai manyan jirage masu inji da ke ɗaukar mutane da buhunan kaya. Babban jirgi yana bukatar fitila da dare. Yana bukatar famfon kwashe ruwan da ya shigo cikinsa. Wani inji kuma ba ya tashi sai da wuta. Duk wannan wuta daga batir take fitowa.

Batir ɗin jirgi iri ɗaya ne da na mota, da wanda mai cajin wayoyi yake ajiye a rumfarsa ta kasuwa. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago irinsa a shekara ta 1859. Cikinsa akwai ɗakuna 6. Kowane ɗaki yana da faifan darma jiƙe cikin ruwan asid, yana ba da bolt 2. In kun tara su za ku sami bolt 12. Bisa kansa akwai kunnuwa biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), a nan ake ɗaura jar waya. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (-), a nan ake ɗaura baƙar waya. Wuta ba ta aiki sai ta fita ta wannan kunne, ta ratsa fitila, ta komo ta wancan. Inji ne yake sake cika batir in yana tafiya. Waɗansu kuma suna cika shi da farantin hasken rana. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu: tun 1965 aka kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wanda Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985.

Bolt 12 ba sa girgiza busasshen hannu, saboda haka mutane da yawa suke raina batir. Kuskure ne babba. In jar waya ta koje ta taɓa baƙa, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan. Sai ta kwararo da yawa a lokaci ɗaya, wayar ta yi ja wur, robarta ta narke ta kama da wuta. A cikin gida mutum yana iya fita waje da gudu. A tsakiyar kogi fa, cikin jirgin katako mai ɗauke da jarkokin fetur, ina za shi?

Don a gane maganin wannan, ku tuna da garkar albasa. Mai garka yana da babbar hanyar ruwa ɗaya da ta taso daga rijiya. Daga jikinta ƙananan hanyoyi suke rabuwa zuwa kowane fangali. In ya toshe bakin babbar hanya, ko fangali ɗaya ba ya samun ruwa. In ya toshe ƙarama, wannan fangali kaɗai ya hana wa, sauran suna sha. Haka ake shirya wutar jirgi.

Babban makunni shi ne matoshin babbar hanya. Ana sa shi a kan jar waya, kusa da batir, inda matuƙi zai kai hannu ko cikin duhu. Murɗa shi ake yi. Da an murɗa, wutar jirgi duka ta yanke. In an ji ƙaurin roba, shi ake fara kai wa hannu. In an gama tafiya ma ana kashe shi, don kada wata fitila da aka manta ta shanye batir kafin safiya. Sai dai famfon nan mai tashi da kansa in ruwa ya taru, shi ana ja masa tasa waya dabam, domin jirgi yana iya cika da ruwa mai shi yana barci.

Jirgin da ke da batir biyu yana da makunni mai matsayi huɗu: na 1, na 2, duka biyu, da kashewa. Batir na 1 na tada inji ne. Na 2 na fitilu da rediyo ne. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a cikin aikin duka, gama ko an kwana ana jin rediyo har na 2 ya mutu, na 1 yana nan cike, inji zai tashi. Amma akwai doka: ba a kai makunni ga kashewa inji yana aiki. In an yi haka, na'urar da ke cika batir ta rasa inda za ta zuba wutarta, sai ta lalace.

Daga makunni, waya mai kauri tana zuwa allon raba wuta. Masu aikin suna ce masa tablo, kamar allon ajinku. A jikinsa akwai ƙananan makunnai jere, kowane da sunansa rubuce: fitilar gaba, fitilar ciki, famfo, rediyo. Bayan kowane makunni akwai fizibil, wanda a Nijeriya ake kira fiyus. Fizibil ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi rarrauna da gangan. In wuta ta wuce kima, shi yake fara narkewa, hanya ta yanke, waya ta tsira. Ita ma babbar wayar da ke zuwa allo ana sa mata nata babban fizibil, nisansa da batir kada ya wuce taƙi ɗaya. Baƙaƙen wayoyi kuwa duka suna taruwa a kan sandar jan ƙarfe ɗaya, daga nan su koma batir.

In fizibil ya ƙone, wani abu ne ya ƙone shi, sai a nemi dalili. Akwai masu naɗa masa waya ko takardar azurfa ta kwalin taba don fitila ta kama. Fitila za ta kama, gaskiya ne. Amma ranar da wuta ta sake wuce kima, waya ce za ta ƙone maimakonsa.

Yaya ake sanin girman fizibil? Da lissafi. Ana raba wat da bolt, a sami amfiya. Fitilu 3 masu wat 6 kowace sun zama wat 18. Raba 18 da 12, an sami amfiya ɗaya da rabi. Sai a zaɓi fizibil da ya ɗara haka kaɗan, kamar mai amfiya 2 ko 3, kuma kada ya fi ƙarfin wayar da yake tsaro.

Aikin haɗawa na manya ne, ku naku kallo da tambaya. Za ku ga mai gyara ya tuɓe zobe da agogo tukuna. Za ku ga baƙar waya yake fara kwancewa, ita kuma yake ɗaurawa daga ƙarshe. Dalili shi ne jikin inji haɗe yake da baƙar waya. In tana ɗaure, sifana ta taɓa jan kunne da jikin inji tare, sai tartsatsi ya tashi. Batir kuwa yana fitar da wata iska mai kama wuta sa'ad da ake cika shi, saboda haka ba a kusantarsa da ashana ko taba. Ana sa shi cikin akwati mai shan iska, a ɗaure shi tam don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Allo ana kafa shi sama, inda ruwa ba ya fantsama, domin laima tana cin jan ƙarfe har ya yi kore.

Ga aikinku a allo. Batir na 2 yana ɗauke da amfiya-awa 60. Irin wannan batir ba a shanye fiye da rabinsa, in ana so ya daɗe, watau 30. Fitilun nan 3 su kaɗai za su yi awa 20. To, in matuƙi ya ƙara rediyo mai wat 12 da famfo mai wat 30, awa nawa zai yi kafin ya tada inji?