Idan Zogi Ya Lafa, a Leƙa Kwanon Abinci

Idan ciwon daji ya kai ga ƙashi, babu abin da ke gallabar mutum kamar zogi: na ƙugu, na gadon baya, irin wanda ke hana juyi a kan shimfiɗa. A nan ne likitoci kan tura maras lafiya gashi da na'ura, a asibitin Shika ko Sakkwato ko Abuja. Manufar wannan gashin sassauta ciwo ce, domin cutar ta riga ta wuce a tumɓuke ta.

Bincike ya nuna gashi sau ɗaya tak, mai ƙarfin gire 8 (ma'aunin ƙarfin gashi), yana rage zogin ƙashi kamar yadda zuwa sau 10 ke yi, sai dai an fi yawan maimaita shi. Ga wanda ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kusan mutum 6 cikin 10 na samun sauƙi, amma sai an yi haƙurin mako 1 zuwa 4. Wasu ma ciwon kan ƙara tashi a kwanakin farko, don haka kada a ajiye maganin ciwo don an yi gashi.

Inda muke sakaci shi ne ci. Kowa ya shigo dubiya, "Ya jiki? Ciwon ya lafa?" Ba mai lura da kwanon tuwon da aka mayar ko loma biyu ba a yi ba, ko zoben da ya fara zamewa daga yatsa. Cutar da kanta tana zaftare tsoka, zogi na kashe sha'awar abinci, maganin ciwo irin morfin na busar da ciki, gashin da ya biyo ta maƙogwaro kuma na sa haɗiya ta yi raɗaɗi. Likitoci na ɗaukar asarar fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6 a matsayin alamar haɗari, domin raunannen jiki ba ya jure magani.

Sai ga masu ba da shawara: a hana maras lafiya nama, a hana ƙwai, wai suna ciyar da cutar. A ganina wannan ƙarin azaba ce kawai. Haka ma ɗure da faɗa, "Baba, sai ka cinye!" Abin da ya fi shi ne kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini: kunun gyaɗa da madara, fura da nono mai tsabta, alale, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ba yaji. A ba shi maganin ciwo a kan lokacinsa, a kawo abincin sa'ad da maganin ya kama jiki. Idan amai ko bushewar ciki ko gyambon baki ne ke hana shi, duk suna da magani, a faɗa wa likita.

Ranar komawa asibiti kuma, a roƙi nas ta ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyin a katinsa.