Karofin Ƙofar Mata da Kasuwar da ta Juya Baya

Allon da ke bakin marinar Ƙofar Mata a Kano yana ɗauke da shekarar 1498. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau mai ziyara zai ga ramuka da yawa a bushe, wasu shara ta cike su, marina ƙalilan ne ke zaune a bakin aiki.

Babban abin da ya kayar da karofi shi ne lokaci. Sai an zuba baba da toka da katsi a ruwa, a jira makonni kafin rini ya nuna. Daga nan marini ya tsoma zane, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har shuɗin ya kama yadda ake so, sannan a kai mabuga. Mai rinin zamani kuwa da tukunya da itace da garin kala yana gama shadda kafin azahar, kowane launi mai kaya ya zaɓa.

To amma shi ma bai tsira ba. Yadin da ake bugowa a Sin, an riga an rina shi, ya cika kasuwar Kantin Kwari a farashin da aikin hannu ba zai iya karawa da shi ba. Abin ya kai marinan Kano suka yi zanga-zanga a 2015 kan 'yan kasuwar Sin. Sai ga 2023: an cire tallafin man fetur, an saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Farar shadda da sinadarin rini duk daga waje ake shigo da su, don haka jari ya narke a hannun masu sana'a. Magidancin da buhun shinkafa ya gagara ba ya kawo rinin Sallah.

Akwai kuma rashin baƙi. Abzinawa, manyan masu sayen turkuɗin garin Kura, sun ragu saboda rashin tsaro a hanyoyi, sannan rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da fatauci na watanni. Masu yawon buɗe ido ma sun ɗauke ƙafa tun bayan hare-haren da aka kai Kano a Janairun 2012.

Hasarar da ta fi ciwo ita ce ta magada. Ɗan marini da ya ga uban ya wuni ba ciniki zai gwammace tuƙa adaidaita sahu, alhali sanin ko rini ya nuna, daga kumfarsa da warinsa, sai an shekara da shekaru a bakin rami. Masu ɗinkin zamani na Legas da Abuja sun fara neman rinin baba na asali, kuma suna biya da daraja, sai dai ribar takan tsaya a hannun dillalai. Marinan na buƙatar jari mai sauƙin biya da hanyar kaiwa ga waɗannan masu saye kai tsaye.