Ko Kun Sani? Ba Kullum Ne Laifin Sabis Ba

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda aka katse layukan waya a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, da zarar shafin intanet ya soma jan ƙafa sai a ce sabis ne. Sau da yawa kuwa shafin ne ke cinye ma'adanar na'ura. Ya ari wuri a RAM, ya gama aikinsa, bai mayar ba. Burauza tana da mai shara da ke kwashe abin da aka daina amfani da shi, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro wajen 1959, sai dai ba ya taɓa duk abin da JavaScript, wato harshen da ke sarrafa shafin, ke riƙe da shi, ko da mantuwa ce. Abin takaici, mai ƙaramar waya ke fara ji a jikinsa.

Ku gwada a kwamfuta. Ku buɗe Chrome, ku danna Shift da Esc tare, ku sa ido kan lambar da ke nuna ma'adanar da shafin ke ci. Ku buɗe wani fom a shafin ku rufe, sau goma. In lambar sai hawa take ba sauka, da walakin. Maginan shafi kan ɗauki hoton ma'adanar a DevTools, kayan binciken shafi na Chrome, sau biyu, su kwatanta, su ga abin da ya maƙale.