Wa ya raba unguwanni? Yadda za ka girka Mesa ka ga amsa a burauzarka

Duk babban garin da ka shiga a kudancin Ghana, ko Akra ko Kumasi ko Takoradi, za ka tarar da zango. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma a kudu da yawanmu a waɗannan unguwanni muke. Tambayar da yara ke yi mini a aji, wadda manya ma ke yi a majalisa bayan sallar isha, ita ce: shin tara mu aka yi a wuri ɗaya, ko mu muka tara kanmu?

Ni malamin lissafi da kwamfuta ne a ƙaramar sakandare, kwalejin horar da malamai na yi. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Mesa da nake amfani da ita wajen kawo wannan tambaya gaban ɗalibai, su gani da idonsu maimakon in tsaya ina ta bayani. Zan faɗi yadda ake girka ta, yadda ake kunna ta, da kuma inda iyakarta take, domin wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a gare mu.

Mene ne wannan kwaikwayo?

Ka ɗauki allon dara, amma mai gidaje ɗaruruwa. A kowane gida akwai ɗan wasa guda, kuma ba hannun mutum ke motsa shi ba. Kowane ɗan wasa yana da 'yar ƙa'idarsa da yake bi, yana duban maƙwabtansa kawai, bai san abin da ke faruwa a can ƙarshen allo ba. Kwamfuta tana ba kowa dama ya yi motsi, zagaye bayan zagaye, kai kuma kana kallon abin da taron ya haifar. Da irin wannan dabara masu bincike ke nazarin cunkoson motoci, yaɗuwar annoba, da tashin farashi a kasuwa.

Mesa ɗaya ce daga cikin manhajojin da ake gina irin wannan kwaikwayo da su. Da harshen Python aka rubuta ta, Jackie Kazil da David Masad ne suka fara ta, yanzu kuma masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita. Tun daga fitowa ta 3, wadda aka saki a ƙarshen 2024, tana amfani da wata manhaja mai suna Solara wajen nuna allon a cikin burauza, irin su Chrome ko Firefox. Ma'ana, lissafin a cikin kwamfutarka yake gudana, burauza taga ce kawai da kake leƙawa.

Matakan girkawa

Na farko, ka sauko da Python na baya-bayan nan daga shafinsa, python.org. In Windows kake amfani da shi, a allon farko na girkawa akwai ɗan akwati a ƙasa da ke maganar saka Python cikin PATH. Ka tabbata ka danna shi. In ka tsallake, duk umarnin da ka rubuta daga baya kwamfuta za ta ce ba ta san shi ba.

Na biyu, ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka yi wa aikin ɗakinsa na musamman don kada ya cakuɗe da sauran abubuwan da ke kwamfutar. Ni na sa wa nawa suna aji:

python -m venv aji

aji\Scripts\activate

Na uku, ka sauko da Mesa da 'yan rakiyarta:

pip install mesa solara matplotlib networkx altair solara-assets

A nan ne kaɗai kake buƙatar data sosai. Shawarata, ka yi shi a inda intanet ke da ƙarfi, batir kuma a cike, saboda in dumsor ya afko maka a tsakiya sai ka sake. Kalmar ƙarshe a wannan layi, solara-assets, ita ce ta fi amfani ga irinmu. Solara takan nemi wasu fayiloli daga intanet lokacin da za ta zana shafin. Wannan ƙunshi yana ajiye su a kwamfutarka, yadda za ka iya shiga aji ba tare da data ba.

Na huɗu, Mesa tana zuwa da misalai a cikinta. Ka bi folda-folda daga aji zuwa Lib, site-packages, mesa, examples, basic, har ka kai wadda aka rubuta schelling. Fayiloli uku ne ginshiƙinta: agents.py mai ɗauke da halin kowane ɗan wasa, model.py mai dokokin garin, da app.py mai zana allo. Daga cikin wannan folda sai ka rubuta:

solara run app.py

Burauza za ta buɗe a adireshin localhost:8765. In ba ta buɗe da kanta ba, ka rubuta adireshin da hannu. Za ka ga allo cike da ɗigo masu launi biyu, da madannai uku: Step na zagaye ɗaya, Play na ci gaba da gudu, Reset na komawa farko. A gefe akwai sanduna da ake ja don canza yawan mutanen gari, yawan 'yan tsiraru, da yawan maƙwabta irinsa da kowa yake so ya gani kafin ya zauna lafiya.

In kana so wasu su kalla daga wayoyinsu, ka haɗa su da kwamfutar a kan wayifai ɗaya, ka ƙara --host 0.0.0.0 a ƙarshen umarnin, su kuma su rubuta lambar adireshin kwamfutarka haɗe da :8765. Amma a yi hattara: tsohuwar laftof ce ke ɗauke da nauyin kowa, in wayoyi suka yi yawa sai ta fara jan ƙafa. Wanda kuma ba shi da damar girka komai, akwai NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, tana da nau'in da ke gudu kai tsaye a burauza, da irin wannan misali a ciki.

Abin da allon ke nunawa

Sunan foldar na wani masanin tattalin arziki ne na Amurka, Thomas Schelling, wanda ya samu kyautar Nobel a 2005. A 1971 ya wallafa nazarinsa kan yadda fararen fata da baƙaƙe ke rabuwa unguwa-unguwa a biranen Amurka. Ba ma da kwamfuta ya fara ba, tsabar kuɗi iri biyu ya jera a kan allo yana matsar da su da hannu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A allo mai gidaje 20 a tsaye da 20 a kwance, gidaje 400 ke nan. In an cika kashi 80 cikin 100, mazauna kusan 320, sauran gidajen fanko. Kowane mazauni yana da gidaje 8 kewaye da shi. Ka ce masa: in ka samu kamar 3 irinka a cikin 8, zauna abinka, in ba su kai ba, koma wani gidan fanko. Ku lura fa, wannan mutum ba mai ƙyamar kowa ba ne. Ya yarda mafi yawan maƙwabtansa su zama wasu daban.

To, danna Play. A farko launukan a gauraye suke kamar shinkafa da wake. Bayan 'yan zagaye kaɗan sai ka ga launi ɗaya ya dunƙule a nan, ɗayan ya dunƙule a can. Dalili shi ne duk wanda ya tashi ya rage wa irinsa da ya bari lissafi, su ma sai su tashi. Inda ya sauka kuma ya rage wa ɗaya ɓangaren, su ma sai su tashi. Babu sarkin da ya ba da umarni, babu wanda ya so rabuwa irin wannan, amma ga ta ta faru.

Abin da nake sa yara su yi shi ne su rubuta hasashensu a takarda kafin a danna komai. Kusan kullum sukan ce garin zai zauna a gauraye. Sai mu ja sandar zuwa ƙasa, mu ga gari ya lafa da wuri ba tare da rabuwa sosai ba. Sai mu ja ta can sama, kowa yana son kusan duk maƙwabtansa su zama irinsa, a nan kuma abin mamaki: gari ya ƙi zama, mutane suna ta ƙaura ba sa samun inda ya yi musu. Yaro ɗan shekara 13 ya koyi kaso, ya koyi karanta jadawali, ya kuma koyi cewa son kai in ya yi yawa mai shi ma ba ya samun sukuni.

Inda allon ya yi shiru

A nan nake so iyaye da 'yan uwana malamai su saurare ni da kyau. Yaro zai iya tashi daga wannan darasi ya ce, ashe mu muka ware kanmu. Wanda ba ɗan zango ba ma zai iya ɗaukar allon ya ce, kun gani, su suka so. Wannan magana ba ta cika ba.

A garin Schelling babu kuɗin haya, babu mai gida da zai ji sunanka ya ce ɗakin an riga an kama, babu sarkin gari da ya yanka wa baƙi fili a bayan gari. Kowa na iya komawa duk gidan da ya ga fanko, kyauta. Zangunanmu kuwa suna da tarihi. Fataken goro ne suka fara kafa su a kan hanyoyin ciniki, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa da malamai zuwa wasu garuruwa. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta kwashe mutane masu yawa daga waɗannan unguwanni. A 2017 majalisa ta kafa asusun raya zanguna, wanda shi kansa shaida ne cewa an bar su a baya wajen makarantu, magudanan ruwa da hanyoyi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a cikin model.py.

Abin da allon ya tabbatar ɗan kaɗan ne, amma mai daraja: son zama kusa da masallaci, da mahauci mai yanka na halal, da mai jin harshenka, ya isa ya dunƙule mutane ko da babu ƙiyayya. Bai ce babu ƙiyayya ko wariya a duniya ba.

Daɗin Mesa shi ne fayilolin a buɗe suke, kuma gajeru ne. Halin ɗan wasa a agents.py 'yan layuka ne da ɗalibin da ya fara Python zai iya karantawa. Aikin da na ba manyan ɗalibaina a wannan zangon karatu shi ne su ba kowane gida kuɗin haya, su ba kowane mazauni aljihu, sannan su hana shi komawa gidan da ya fi ƙarfinsa. Wani rukuni kuma zai dasa masallaci a wani gida na allon, ya sa launi ɗaya ya fi son zama kusa da shi. Daga nan sai mu kwatanta alluna ukun.

Malamin da ke da laftof ko da tsohuwa ce, da data ta yini ɗaya, zai iya fara wannan a makon gobe. Makarantun Islamiyya masu ajin Asabar ma za su iya. Sharaɗi ɗaya nake roƙo: duk wanda ya nuna wa yara allon Schelling, ya zauna da su bayan nan su lissafa abubuwan da ke unguwarsu waɗanda babu su a allon, sannan su zaɓi guda su saka shi da hannunsu.