Kalmar "Moot": Da Sauran Magana Ko Bakin Alƙalami Ya Bushe?

Mu ɗauka a wani ofishi a Babura akawu ya ɗora takarda bisa tebur ɗin maigidansa yana tambaya ko ya kamata a gyara tsohuwar rijiyar burtsatse ta wani ƙauye, ko kuwa a haƙa sabuwa. Maigida ya ja jan biro ya rubuta da Turanci cewa batun "moot" ne, ya sa hannu. To, me akawu zai yi da fayil ɗin? Idan maigidan nan Turancin Ingila ya nufa, cewa ya yi da sauran magana, a kai batun gaban kwamiti. Idan kuwa Turancin Amurka ya nufa, cewa ya yi bakin alƙalami ya bushe, a rufe fayil. Kalma guda ce, amma a kanta ne mutanen ƙauyen za su sha ruwa ko su ci gaba da jira.

Asalin kalmar, wadda ake furtawa "muut", taro ne. A tsohon Turanci haka ake kiran zaman da jama'a kan yi don sasanta al'amuransu, kuma tushenta ɗaya da kalmar da Turawa ke amfani da ita yau don haɗuwa. Majalisar da ke ba sarakunan Ingila shawara kafin shekarar 1066 ana ce da ita "witenagemot", watau taron masu hikima. Saboda haka duk abin da aka ce "moot" ne, abu ne da ba a yanke ba, sai an kai shi gaban taro.

Masu koyon aikin lauya ne suka karkatar da ita. Tun a ƙarni na 16 ɗaliban shari'a a London sukan ƙirƙiro ƙara wadda ba ta auku ba, su yi ta gardama a kanta don goge baki. Har yanzu ana irin wannan kotu ta gwaji a sassan koyon shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Da yake hukuncin da aka yanke a wurin ba ya ɗaure kowa, ba ya sakin kowa, sai kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta biyu: gardamar da ba ta tsinana kome. Wannan ce ta yi ƙarfi a Amurka, musamman a bakin alƙalai.

Akwai wata shari'a da ta nuna haka sarai. A 1971 wani saurayi mai suna Marco DeFunis ya kai ƙarar Jami'ar Washington don ta hana shi shiga sashen koyon shari'a. Ƙaramar kotu ta ba da umurni a ɗauke shi, ya kama karatu, ita kuwa ƙarar ta yi ta hawa. Kafin Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 1974, ya riga ya shiga zangonsa na ƙarshe. Sai alƙalai biyar daga cikin tara suka ce ƙarar ta zama "moot", gama ko me suka faɗa zai karɓi digirinsa. Babbar tambayar da ya kawo kuwa, ta yadda ya kamata a raba guraben karatu tsakanin jinsuna, ba su amsa ta ba.

Amma ba sai mun ƙetare teku ba. Dattawan Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa suna tune da zamanin da duk waɗannan wurare ke cikin Jihar Kano, wadda aka kafa a 1967. Shekara da shekaru ana muhawara a kan ko ya dace a raba ta. A lokacin nan batun "moot" ne irin na Ingila. Ran 27 ga Agusta, 1991, Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta sa hedkwata a Dutse. Daga ranar batun ya koma "moot" irin na Amurka, wanda duk ya ta da shi ihu yake bayan hari. Kalmar ba ta sāke ko da harafi ɗaya ba.

Mu a Nijeriya Turancin Ingila muka gada, shi ake koyarwa a makarantu, saboda haka ɗalibin da ya gamu da "moot point" a takardar jarrabawa ya fi tsira idan ya ɗauke ta a matsayin batu mai jayayya. Matsalar ita ce abubuwa da yawa da samari ke karantawa a intanet yanzu daga Amurka suke fitowa, sai ma'anonin biyu suka cakuɗe. Wasu ma, abin dariya, sukan rubuta "mute", wadda ke nufin bebe ko shiru, ba ta kuma da dangantaka da wannan ko kaɗan.

A ganina ma'aikacin gwamnati ba shi da dalilin sa wannan kalma a fayil. Idan yana son a tattauna, ya rubuta a kai kwamiti, ya faɗi rana. Idan lokacin batun ya wuce, ya rubuta a rufe, ya faɗi dalili. Shi kuma akawun da ya riga ya sami irin wannan umurni a kan teburinsa, gara ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi maigida wacce ya nufa, tun fayil ɗin rijiyar bai shiga kabad ba.